Shekarar da Muka Tafi Abha Muka Sauka a Aƙiƙ

Ku 'ya'yana da jikokina, kun daɗe kuna ba da labarin karafan ɗin babanku, motar nan mai ɗaki a ciki, yadda kuka tsince shi, ni kuwa ina zaune ina taya ku dariya. Babu taron Idin da za a watse wani bai ɗauko shi ba: wai Sitti, wato ni kakarku, ta shiga mota za ta Abha, tun ba a fita gari ba ta ce tana kewar tukunyarta. Ban taɓa ƙaryata ku ba, don da ƙanshin gaskiya a ciki. Ni 'yar zaman gida ce, ban musa ba. A unguwar Harra ta Yamma, cikin Madina, aka haife ni, a nan aka kai ni ɗaki, kuma in ka cire Makka ban san ƙamshin matashin kai na wani gari ba. Amma tunda Allah ya karɓi abinsa, alkawarin da na riƙe masa ya sauka daga wuyana. Gara ku ji daga bakina tun hannuna na iya riƙe alƙalami.

Babanku direban alhazai ne tun yana saurayi. Mutanen hara, wato unguwarmu, suna ce masa Abu Sale, ni kuwa Malam nake ce masa, don uwata ba ta koya mini kama sunan miji ko na ɗan fari ba. Tsakanin Makka da Madina babu tudun da bai san sunansa ba, kuma abin alfaharinsa a duniya guda ne: bai taɓa ƙwarzane motar kowa ba. Da ya ajiye aiki gidan ya yi masa kaɗan. Ya shiga kicin ya gyara mini abin da bai lalace ba, ya fito ya tsaya a ƙofa yana kallon motocin mutane yana faɗin wadda birkinta ya kusa mutuwa. Ana nan wata rana da hantsi na ji ƙugin wani inji da ban sani ba ya cika lungunmu. Na leƙa, sai ga wata farar mota mai ratsin ƙasa-ƙasa, gida guda a kan taya, da Malam a ciki yana murmushi kamar ango. Akwai gado, akwai murhun gas, akwai firiji ɗan mitsitsi, da bayi wanda in ka shiga sai ka yi shawara da gwiwarka kafin ka juya.

“Hajja, na ƙare ƙuruciyata ina kai matan mutane garuruwa,” in ji shi. “Tawa matar ba ta taɓa ganin girgije ya sauko ya zauna a kan dutse ba. Mu bi bakin teku a hankali, mu hau Abha.”

“Girgijen ya zo nan ya same ni,” na ce.

Amma na ga fuskarsa, na shiga haɗa kaya.

Ku yaran yanzu kuna ɗaukar jaka ku fice, sai a waya a ji kun sauka. A harar mu ba a tafiya a sace. Mai doguwar tafiya sai ya bi gida gida ya nemi gafara, a yi masa addu'a, a kawo masa guzuri, haka iyayenmu suka zo da abin daga ƙasar Hausa kuma ba su yar ba. Na zaga kaf. Hajja Kaltume maƙwabciyata, wadda iyayenta suka daɗe a Sudan kafin su tsallako, ta kawo dambun nama cike da kwano da ƙullin yaji, tana kuka tana cewa ko mun riga ta ko ta riga mu barin duniya, mu yafi juna. Wasu suka kawo dakuwa, wasu garin kunu. Mijinta Amm Bukar da dattawan hara suka raka Malam masallacin Harami ya yi bankwana, aka rungume shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka yi wa wannan rakiyar ya riga ya tafi. Ba shi da fuskar da zai dawo da ita washegari ya ce ya fasa.

Muka tashi da safe a ƙarshen sanyi, ina zaune a damansa. Karatuna bai taka kara ya karya ba, wannan kun sani, amma kunnena bai taɓa cin amanata ba. Na san tuƙin babanku kamar yadda na san tarinsa. Ba mu bar unguwa ba na ji tayar gefena ta goga dakalin titi. Na ce nauyin mota ne, bai saba ba. Can gaba aka danna mana ƙaho daga dama, aka kuma, wani saurayi ya zuge gilashi ya faɗi maganar da ba a faɗa wa mai furfura. Malam bai tanka ba, shi da ko yaro ya tsallaka titi ba daidai ba sai ya yi masa wa'azi. Da muka zo shiga babban titi sai ya rage gudu, ya ce a hankali:

“Hajja, akwai mota a gefenki?”

Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa yi mini wannan tambayar ba. Nan take abubuwa suka dawo mini a jere: kofunan gahawa da ya riƙa turewa da gwiwar hannunsa na dama, takalminsa da yake nema alhali yana gefen ƙofa, jikarsa da ta tsaya kusa da shi tana miƙa masa hannu bai karɓa ba har ta yi fushi. Na ɗaga kai na hango wani fili ta wajen kwarin Aƙiƙ, a gefen gari, da tutoci, da rumfuna, da motoci irin tamu jere a gefe.

“Malam, shiga nan ka tsaya. Cikina.”

Filin maharajan ne, inda ake baje koli in sanyi ya fara ja da baya. Rabinsa rumfunan masu dabino da zuma da turare da matan da ke sayar da aikin hannunsu, da lilon yara mai juyawa. Ɗaya rabin tsakuwa ce shimfiɗe, an kafa sandunan wuta da famfo, an bar shi don masu karafan da suka zo ziyara su kwana kusa da gari. Mai kula da wurin wani Bahaushen Cadi ne, Idirisa, dogo mai sanyin magana. Ya nuna mana gurbi, ya jona mana wuta, sannan ya gaida Malam.

“Daga wace ƙasa, Baba?”

“Daga Madina.”

Idirisa ya dubi ƙasa, ya dubi sama. “To, Baba, sannu da hanya.”

In ka hau matakalar bayan karafan ɗin kana hango tankin ruwan da ke kan rufin gidanmu. Na hau na gani da idona.

Washegari na ce kaina ke sarawa. Wanshekare na ce garin kunun Hajja Kaltume zai yi tsami in ba a dama shi ba. Kullum da dalilin da nake ƙirƙirowa, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali, Malam ba ya musu sosai. Sai ya yi ɗan gunaguni, ya fitar da kujerarsa mai naɗewa, ya zauna a ƙarƙashin rumfar motar. Da haka muka zama 'yan wurin. A hagunmu wasu mutanen Tabuk ne da tsohuwarsu mai son hira, a gabanmu wani ɗan Ƙasim da 'ya'yansa mata. Na fito da tanda na fara masa da safe, ƙamshi ya zaga tsakanin motoci, sai ga faranti suna zuwa da kansu, suna komawa, suna dawowa da gurasar wasu garuruwa. Ni da ban je ko'ina ba, garuruwan suka zo bakin ƙofata. Da azahar mazan kan shimfiɗa darduma a inuwar wata babbar mota su yi jam'i. Dukansu matafiya ne, ƙasaru suke yi, raka'a biyu su sallame. Malam kuwa bai fita gari ba, ba shi da wannan rangwamen, sai ya miƙe ya cika huɗu, shi da Idirisa kaɗai a tsaye kowa na zaune.

“Yau ma ni da mai gadi muka miƙe,” ya ce da ya dawo. “Ni da na tsufa ina raka'a biyu a bakin hanya. Ɗan Ƙasim har yana tambayata ko motar tawa ta haya ce.”

Na san ba zai daɗe yana haɗiye wannan ba. Ranar Alhamis bayan la'asar yana zaune yana kallon lilon yara, na haɗa shayi na sauko, na zagayo ta damansa na tsaya da faranti a hannu. Kusa nake, in ya miƙa hannu zai taɓa mayafina. Na tsaya ban yi motsi ba. Ya ɗaga murya wajen ƙofar mota.

“Hajja, shayin nan sai an aika Indiya?”

Ban amsa ba. Ya sake kira. Sai na ɗan girgiza farantin, kofuna suka yi ƙara. Ya juyo da kansa gaba ɗaya, kamar yadda tsuntsu ke yi, ya gan ni. Muka dubi juna. Na ajiye farantin, na zauna a kan matakala.

“Tun yaushe?” na ce.

“Tun azumin bara. Idon dama ne, ta gefe yake rufowa, kamar ana jan labule.”

“Ka ga likita?”

“Na gani. Moya zarga ya kira ta, wato hawan jinin ido. Ya ba ni maganin ɗigawa, wai yana rage mata gudu, amma abin da ya tafi ya tafi.”

“Ya yi maganar tuƙi?”

Ya ɗauki kofi ya hura, bai sha ba.

“Kuma bayan ya faɗa maka ka je ka sayo wannan.”

“Kafin labulen ya haɗe, Hajja. Ina so ki gani, ni ma in ƙara gani. Hagun lafiya lau yake. Hanyar nan ko a barci na san ta.”

“Hanya ta san ka. Yaran da ke gudu a kanta yanzu ba su san ka ba. A bar ɗanmu Babba ya ɗauki hutu ya tuƙa mu.”

“In zauna a baya kamar alhajin da aka ɗauko daga filin jirgi? Ranar da yaran nan suka sani, za su karɓe makulli, su riƙa kama mini hannu a matakala, su riƙa magana a kaina da Larabci kamar ba na wurin. Ki yi mini alkawari, ba daga bakinki ba, muddin ina numfashi.”

Na yi masa. Sannan na ce mu koma gida.

“In ce wa hara me? Bukar ya rungume ni a Harami. An ci guzuri.” Ya ajiye kofin. “Gobe in an yi asuba zan tayar. Ki riƙa duba mini dama, shi ke nan.”

Na tashi na koma wajen tanda don kada ya ga fuskata. Ban taɓa ganin hawan Abha ba, amma na ji shi a bakinsa sau ba adadi: hanya na naɗe dutse, rami a gefe, manyan motoci na saukowa. Ina juya masa a tanda ina tunanin abin da zan ƙirƙiro gobe, kuma dabarata ta ƙare. Na manta ranar Alhamis ce, ranar da rabin Madina ke kwaso yara zuwa maharajan. Sai na ji wata murya a bayana wadda ko a kabari zan gane ta.

“Wannan ƙamshin na san hannun da ya yi shi. La ilaha illallahu. Ummu Sale? Nan ce Abha?”

Hajja Kaltume ce, da jikoki riƙe da alawar auduga, da Amm Bukar a bayanta yana gyara tabarau. Ya dubi motar, ya dubi igiyar shanyata da na ɗaura a jikin madubi, ya dubi Malam.

“Abu Sale, lafiya? Mu muna can muna yi maka addu'ar hawan dutse. Injin ne?”

Da ya ce injin ne da Bukar ya tuɓe riga ya shiga ƙarƙashin motar, don makanike ne. Malam ya san haka. Na ga ya miƙe, ya buɗe baki. Mutumin da bai iya ƙarya ba, kuma gaskiyar ta fi ƙarfinsa. Ban san lokacin da na ajiye cokalin ba.

“Ni ce,” na ce. “Ni na ƙi. Muna hawa babban titi zuciyata ta tsinke, na ce ko ya tsaya ko in buɗe ƙofa in dira. Ba inda za ni. In mutuwa ta zo ta same ni a Madina, ba a bakin rami ba.”

Hajja Kaltume ta riƙe haɓa. “Dambuna fa? Dambun da na kwana ina daka?”

“Ya yi daɗi, Allah ya saka.”

Amm Bukar ya fashe da dariya har yana dafa motar. “Abu Sale, ka sauke alhazan duniya lafiya, mace guda ta gagare ka kaiwa.”

Na zuba wa Malam ido. Abin da zai faɗa shi ne zai nuna mini ko gobe za mu hau hanya. Ya koma ya zauna a kujerarsa.

“Kun dai ji da kunnenku,” ya ce. “Hajja, zuba wa baƙi shayi.”

Kafin magariba labari ya riga su isa hara. Daga ranar na zama Hajja Abha, sunan da har a gidan biki ake kirana da shi. Wannan bai dame ni ba, na iya dariya. Abin da ya yi mini ciwo wayarki ce, Suhaila. Ina tsaye a ɗan kicin ɗin nan kika kira, kina magana da sauri, rabi Larabci rabi kuka. Kika ce haram alaiki ya Ummi, ba ki kyauta ba, Abuya bai taɓa roƙonki komai ba sai wannan abu guda, kin mai da shi abin dariya a gari. Kika ce duk rayuwarki kin ɗaure shi a gindin murhu. Motar ƙarama ce, babanki yana jin komai. Ya shigo ya miƙo hannu in ba shi wayar. Na girgiza kai, sai na tuna a damansa nake, ba ya ganina. Na rufe bakin wayar da tafina na ce masa a'a. Na bar ki kika gama. Ba na rubuta wannan don ki zo ki durƙusa ba, 'yata. Kin faɗi abin da mai son ubanta za ta faɗa, kuma da abin da na ba ki kika yi hukunci. Wata da watanni kika yi kina gaishe ni a tsaye, na ji zafinsa, ya wuce.

Ba mu koma gida a lokacin ba. Tunda laifin ya riga ya zama nawa, Malam ya ce mu zauna har a naɗe maharajan, kuma ban yi kwanakin da suka fi waɗannan daɗi ba tun ina amarya. Babu mai ƙwanƙwasa ƙofa, babu abin gyara. Da safe iska na kawo mana kiran salla daga masallacin Ƙiblatain. Da yamma mu zaga rumfuna, ina tafe a damansa kafaɗata na gogar tasa, mutane na cewa dubi tsofaffin nan da soyayya. Akwai wani mai zuma daga kudu, da furanni naɗe a kansa irin na mutanensu. Malam kan ja ni wurinsa ya ce, faɗa wa Hajja yadda hazo ke shiga ta taga. Mutumin ya fara, Malam ya karɓe, ya gyara masa sunayen ƙauyukan garinsu, har na san Abha lungu lungu ina tsaye a kan tsakuwar Aƙiƙ. A wurinsa na sayi tsarabar hara, don wanda ya ci guzuri ba ya mayar da kwano wayam. Hajja Kaltume har ta rasu tana cewa ba ta taɓa shan zumar Abha da ta yi gajeriyar tafiya irin wannan ba.

Ranar da aka fara kwance rumfuna, maƙwabtanmu suka naɗe dardumansu, kowa ya kama hanyar garinsu. Idirisa ya cire mana wuta, ya ce Allah ya kiyaye hanya, bai yi ko murmushi ba, Allah ya yi masa albarka. Muka fito da hantsi lokacin da titi ya yi sauƙi. Ina faɗa masa, babu kowa, akwai farar mota, bar ta ta wuce, yanzu shiga. Muka zo mararrabar da hanya ke rabuwa, ɗaya ta fita gari ta nufi teku, ɗaya ta koma Harra. Fitila ta ba mu hannu, Malam bai motsa ba. Hannunsa biyu na kan sitiyari, yana kallon hanyar da ta miƙe. Na baya suka fara ƙaho. Na kama bakina, don na riga na faɗi iyakar abin da zan faɗa a gaban Bukar. Sai na ji ƙarar sigina, ƙyat, ƙyat, ta gefen gida.

Ya shigar da ita lungunmu a hankali, ya daidaita ta jikin bango, ko fenti bai taɓa ba. Dattawa na zaune a ƙofar Amm Bukar, suka taso suna barka da sauka, ya hanya, ya mutanen Abha. Malam ya kashe injin, bai buɗe ƙofa ba. Muka zauna a ciki ana ta dariya a waje.

“Hajja, na kawo ki lafiya?”

“Ka kawo ni lafiya, Malam.”

Ya zare makullin ya miƙo shi ta damansa ba tare da ya juyo ba, na karɓa. Sannan ya gyara hularsa, ya sauka ya tari tsokanar abokansa. Bai sake zama bayan sitiyari ba.